Daɓen kankare mai zane: yadda aka yi shi a tsakar gidana a Gombe

Duk wanda ya gina gida a sababbin unguwannin Gombe, irin su Tumfure inda nake zaune, ya san wahalar tsakar gidan da ba a daɓe ba. Da hunturu ƙura ce take bin iska har cikin kwanon abinci, da damina kuma taɓo ne yara suke kwasowa a ƙafa su shigar da shi falo, ga ruwan da yake kwantawa a gindin katanga yana jiƙa tushen gini a hankali. Bayan na ga yadda damina ta bar mu a shekarar da muka tare, sai na ƙudurta cewa ba za mu sake shiga wata ba sai an rufe filin. Zaɓi uku ne a gabana: daɓen siminti na yau da kullum, wanda yake da araha amma yake ɓarewa bayan 'yan shekaru, intalok, wato ƙananan tubalan siminti da ake jerawa a ƙasa, wanda ya cika gari, sai kankare mai zane, wanda a lokacin na fi ganinsa a otal-otal da gidajen manya.

Intalok yana da kirkinsa, kuma ba zan rage masa komai ba. Idan bututu ya fashe a ƙarƙashinsa ana cire tubalan a gyara a mayar, sannan ruwan sama yana samun hanyar shiga ƙasa ta tsakaninsu. Abin da ya sa na kauce masa shi ne abin da na gani a gidan yayana, inda ciyawa take tsirowa a kowace tsaga, cinnaku suna fitar da yashin da ke ƙasa, wurin da tayoyin mota suke bi kuma ya lotsa har ruwa yana tsayawa a ciki. Kankare mai zane shimfiɗa ɗaya ce ta siminti da yashi da tsakuwa, wadda ake yi wa launi tun tana ɗanya, a danna mata tabarmar roba mai siffar dutse ko tubali ko katako, ta yadda idan ta sandare mai kallo zai ɗauka duwatsu aka jera. Dabarar daga Amurka ta fito, inda wani magini mai suna Brad Bowman ya fara ta a Kalifoniya a shekarun 1950 da tambarin katako da na ƙarfe, daga baya aka koma ga roba mai lanƙwasuwa wadda ake kwaikwayo zanenta daga jikin dutse na gaske.

Neman wanda zai yi aikin ya ɗauke ni lokaci fiye da yadda na zata, domin kusan kowane birkila da na tambaya cewa yake ya iya, ya fito da waya ya nuna mini hotuna masu ƙyalli. Hoton daɓen da aka shafa wa man sheƙi jiya ba ya gaya wa mutum komai. Na kafa sharaɗi cewa ba zan ba kowa aiki ba sai ya kai ni gidan da ya yi wa daɓen da ya sha damina biyu ko uku. Da yawa daga nan suka daina ɗaukar wayata. Wanda na ɗauka, wani mutum ne da ya koyi sana'ar a Abuja kafin ya dawo gida, ya kai ni wani gida a Federal Low Cost, ya durƙusa da kansa ya nuna mini inda launi ya ɗan kode a bakin ƙofa da inda wata siririyar tsaga ta bi ta kusurwa, ya bayyana mini dalilin kowanne. Wannan gaskiyar ce ta saye ni. Muka rubuta yarjejeniya a takarda, muka ambaci kaurin kankaren, da yawan siminti a kowane kwaɓi, da wanda zai kawo ruwa, da cewa kashi na ƙarshe na kuɗin ba zai fita ba sai bayan an shafa man sheƙi.

Na tsammaci zai fara da tambayata irin zanen da nake so, sai ya nemi a ba shi diga. Ya haƙa ramuka ƙanana a wurare daban-daban na tsakar gidan, ya ɗebo ƙasar kowanne ya jiƙa ta ya murza a tafin hannu. Ta ɓangaren ƙofa jigawa ce mai yashi, ba ta da matsala. Ta bayan ɗakin girki kuwa laka ce mai duhu wadda ta mulmulu a hannunsa ta yi santsi. Ya ce mini, "Malam, wannan ita ce take cinye kuɗin mutane. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta tsuke, duk abin da ka ɗora mata sai ta karya shi." Irin wannan baƙar laka sananniya ce a sassa da dama na jihar nan, manoma suna son ta domin auduga da dawa, magina kuma suna tsoron ta. Hukuncinsa shi ne a kwashe ƙasar sama gaba ɗaya tare da saiwoyi da tarkacen gini, a zurfafa haƙa a ɓangaren lakar, a cike da jar ƙasa.

A wurin cikon ne na fahimci inda mafi yawan masu gida suke yin asara ba tare da sun sani ba. Idan tifa ta juye jar ƙasa, leburori suka baje ta da shebur suka tattaka, a ido ta zauna, alhali cikinta duk iska ce, kuma damina ta farko za ta zaunar da ita bayan an riga an zuba kankare a kai. Mu sai da muka yi hayar injin danne ƙasa, aka riƙa zuba cikon hawa-hawa, kowane hawa bai wuce inci 6 ba, a yayyafa masa ruwa daidai yadda zai yi laima, a bi shi da injin har sai an taka ba a ga sawun takalmi ba, sannan a ƙara wani. Maƙwabcina da ya leƙo ya ce ɓarnar kuɗi nake yi a kan abin da ba wanda zai gani. Ban yi masa musu ba, amma a raina na san cewa launin da ake alfahari da shi bai kai kaurin farce biyu ba, nauyin duka yana kan wannan ƙasar da ake dannewa.

Kafin a rufe ƙasa akwai abubuwan da dole a gama da su, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Kankare ba a ɗaga shi a mayar, don haka muka binne duk bututun da gidan zai buƙata: na ruwan famfo, na wanke-wanke zuwa sokawe, da wani fanko mai faɗi wanda ya ratsa daga ƙofar gida zuwa baya domin wayar wuta ko ta sola da za a iya buƙata nan gaba. Aka gwada kowanne da ruwa kafin a turbuɗe. Sai batun gangara. Da siririyar robar awo mai ruwa a ciki da zare aka fitar da shi, aka saukar da filin kimanin santimita 2 a kowace mita, daga jikin ɗakuna zuwa rariya. Wannan saukin ido ba ya ganinsa sosai, amma ruwa yana ganinsa.

Inda ruwan zai tafi ya dame ni ƙwarai, domin mu mutanen Gombe mun san abin da zaizayar ƙasa take yi. Wanda ya ga kwazazzabon da ya ci gidaje ta wajen Malam Inna da Kagarawal kafin a yi masa aiki ba zai ɗauki ruwan da yake fita daga gidansa da wasa ba. Kowane gida da aka shafe da kankare daga katanga zuwa katanga yana tura duk ruwan samansa kan layi a lokaci guda, kuma layukanmu da yawa ba su da magudana. Saboda haka na ƙi yarda a rufe filin duka. Muka bar zagaye mai faɗi a gindin mangwaro, muka bar wani zirin ƙasa a jikin katangar yamma inda uwargida take shuka zogale da yakuwa, aka karkatar da rabin ruwan can domin ya nutse a cikin gida. Maginin ma ya goyi bayan barin wa bishiyar fili, ya ce saiwar da aka matse ita ce take ɗaga daɓe daga ƙasa.

Lissafin kaya ba shi da wuya idan mutum ya riƙe ma'auni. Mun tsayar da kauri inci 4, wato santimita 10, wanda ya isa ga mutane da ƙaramar mota, sai bakin ƙofa da aka ƙara zuwa inci 6 saboda nan nauyi ya fi sauka. Kwaɓin shi ne 1:2:4, wanda a bakin ma'aikata yake nufin buhun siminti ɗaya mai kilo 50, kwano 4 na yashi, kwano 8 na tsakuwa, tun da buhu ɗaya kwano biyu ne. A wannan kaurin, kowane murabba'in mita 10 yana cin buhu 6 da ɗan ɗoriya. Wanda ya riƙe wannan lissafin zai gane nan take idan wani ya yi masa alkawarin rufe fili mai faɗi da buhunan da ba su kai ba, domin ko dai kauri zai rage ko siminti. Na sayi simintin Ashaka, wanda ake yi a ƙaramar hukumar Funakaye tun 1979 kuma shi muka taso muka gani a gine-ginenmu, na jera shi a kan katako a cikin shago domin kada ya sha laima. Allah ya taimake ni aikin ya faɗo a ƙarshen 2023, kafin tashin farashin farkon 2024 lokacin da buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama.

Tsakuwa mun zaɓi 'yar ƙarama, rabin inci, domin manyan duwatsu suna tokare tabarmar su hana zanen fita. Yashi kuwa sai da aka gwada shi. Maginin ya zuba shi a kwalba zuwa rabi, ya cika da ruwa, ya girgiza ya ajiye. Bayan ya lafa sai yashin ya kwanta a ƙasa, laka ta zauna a samansa, ya nuna mini kaurinta ya ce ta yi yawa, aka mayar da wannan tifar aka kawo mai kaifi na rafi. Ruwa ma na tanka muka saya muka cika durom-durom tun daren jajibiri, domin a unguwarmu ba a dogara da famfo a ranar aiki irin wannan, kuma ruwan kwata ko na kududdufi ba ya shiga kankare. Aka shimfiɗa leda mai kauri a kan cikon domin kada busasshiyar ƙasa ta tsotse ruwan kwaɓin, aka ɗora ragar ƙarfe a kan 'yan guntayen kankare ta yadda za ta zauna a tsakiyar kaurin. Ragar da aka bari kwance a ƙasa ba ta riƙe komai.

Sai bayan duk wannan muka zauna a kan launi da zane. Raina ya so baƙi-baƙi mai kama da dutsen kwalta, domin shi ya fi kyau a hoto, amma maginin ya tuna mini da watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe yake kai maki 40, ya ce duhun launi yana shan rana, yaro ba zai iya taka shi da azahar ba takalmi, da dare kuma zai riƙa fitar da zafin da ya tara a daidai lokacin da mutane suke shimfiɗa tabarma a waje. Muka tsaya a kan ruwan ƙasa mai haske, da hoda mai ɗan duhu wadda za ta zauna a cikin layukan. Zanen kuma na zaɓi na sassaƙaƙƙen dutse mai murabba'ai manya da ƙanana, na guji mai zurfin rami saboda shara, tun da ƙurar hunturu a cikin ramukan take maƙalewa.

An yi zubin a watan Nuwamba, bayan ƙasa ta tsane kuma kafin hunturu ya kankama. Aka raba filin gida-gida da katako, ana ɗaukar abin da ma'aikata za su iya gamawa kafin rana ta take, domin a wannan sana'ar siminti ba ya jiran kowa. Ana idar da sallar asuba injin kwaɓa ya tashi. A nan ne aka yi ɗan sa-in-sa, domin leburori suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa wanda yake malala da kansa ya sauƙaƙa musu baro da shebur. Na ga ɗayansu ya ɗauki bokiti zai ƙara, maginin ya daka masa tsawa daga nesa. Yaron ya ce, "Oga, ya yi tauri fa." Shi kuma ya ce, "Taurin nake biya. Jarka ɗaya ga buhu ɗaya, in yashin da laima ma a rage." Jarkar mai lita 25 ce, wato ruwa rabin nauyin siminti. Ya bayyana mini daga baya cewa ruwan da ya wuce buƙata yana ƙafewa ya bar ƙananan kofofi a cikin kankaren, ya raunana shi, ya sa ya tsuke da yawa har ya tsage.

Da aka zuba, aka ja dogon katako a kan gefunan aka daidaita, aka bi da abin shafe fuska mai dogon mariƙi. Daga nan sai kowa ya tsaya. Wani ruwa yana tasowa sama ya yi sheƙi, kuma ba a taɓa fuskar sai ya ɓace, domin launin da aka watsa a kan ruwa yana dagulewa ya ɓare daga baya. Iska ta fara kaɗawa daga gabas, maginin ya sa aka ɗaure tampol a wannan ɓangaren, ya ce busasshiyar iska ta fi rana haɗari, tana busar da sama alhali ƙasa tana ɗanye, sai ka ga ƙananan tsagogi sun bazu. Da sheƙin ya tafi, ya ɗaure hanci da ƙyalle ya fara watsa garin launin da hannu, yana wurga shi ƙasa-ƙasa kamar mai watsa taki a gona. Garin haɗin siminti ne da yashi mai laushi da sinadarin launi, kuma baya ga kyau yana taurara fuskar. Kimanin kashi biyu cikin uku ya fara watsawa, ya jira ya jiƙe da kansa daga ƙasa, aka shafe, sannan ya watsa sauran a wuraren da toka-tokar siminti take leƙowa, aka sake shafewa da cokalin gini har filin ya zama launi ɗaya.

Sanin lokacin danna tabarma shi ne gwanintar duka, kuma ba agogo yake dubawa ba. Ya riƙa zagayawa yana danna babban yatsa a wurare daban-daban. Idan yatsan ya nutse ya fito da siminti a jiki, da saura. Idan ya shiga kaɗan ya bar gurbi mai tsabta ya fito a bushe, lokaci ya yi. Idan ya ƙi shiga, an makara. Da ya gamsu sai aka barbaɗa hodar da take hana robar mannewa, wadda ita ce kuma take ba da launi na biyu. Aka ja zare, aka ajiye tabarma ta farko a kusurwa da matuƙar kula, domin idan ta karkace duk layin zai bi ta. Aka jera ta biyu da ta uku kowacce ta shiga bakin 'yar'uwarta, wani ya hau kai yana takawa daga tsakiya zuwa gefe, wani yana bi da madaɓi, sannan a ɗaga ta baya da hannu biyu a miƙe, ba a ja ba, a kai ta gaba. Duk lokacin da aka ɗaga sai ka ga dutse ya bayyana inda ɗazu kwaɓaɓɓen siminti ne, da jijiyoyinsa da ƙananan ramukansa. A jikin bango, inda babbar tabarma ba ta shiga, da wata mai laushi ake lanƙwasawa, layin da bai fita ba kuma a bi shi da ɗan ƙarfe a gyara tun da ɗanye.

Goggona, wadda take zaune tare da mu, ta sa aka fito mata da kujera ta zauna a inuwa tana kallo. Ta ce, "Ɗan nan, ai daɓe ne wannan, maza ne kawai suka karɓe shi." Ta ba mu labarin yadda a ƙuruciyarta mata suke taruwa su daɓe ɗakin amarya da tsakuwa, suna bugawa da madaɓi suna waƙa, a yayyafa ruwan makuba da ake jiƙawa daga ɓawon ɗorawa domin ya taurara ya yi duhu, kuma ta ce su ma abin da suke kiyayewa shi ne kada a bari ya bushe kafin a gama bugu. Maginin ya ce, "Hajiya, to ai ke ce ogarmu," ya riƙa kawo mata rahoto duk gidan da aka gama.

Washegari da sassafe aka zo da injin yanka mai faifai. Ganin ana tsaga abin da aka sha wahalar ƙawatawa jiya yana da ciwo, amma kankare dole ya tsuke yayin da yake sandarewa, kuma idan ba a nuna masa inda zai tsage ba zai zaɓa da kansa. Aka yanka layuka kimanin kowace mita 3, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, wato inci ɗaya, aka bi cikin layukan zanen inda ya yiwu domin kada su fito fili. A inda daɓen ya haɗu da bangon ɗaki da murfin sokawe kuwa tun kafin zubi an sa wani siririn soso a tsakani, domin kowanne ya motsa ba tare da ya ja ɗan'uwansa ba.

Mutane da yawa suna ɗauka siminti bushewa yake yi, alhali haɗuwa yake yi da ruwa, kuma muddin akwai laima yana ci gaba da ƙarfi, mafi yawansa a makon farko, cikarsa bisa lissafin injiniyoyi a kwana 28. A daɓe mai launi ban-ruwa yana buƙatar hankali, domin ruwan da ya kwanta a wuri ɗaya ko ledar da ta manne a fuska suna barin tabo fari-fari. Mu yayyafi mai laushi muka riƙa yi safe da yamma, aka hana kowa takawa, motata ta kwana a gidan maƙwabci har lokacin ya cika. Da aka zo wanki, injin wankin mota aka kawo da ɗan sabulu, kuma ba duk hodar ake wankewa ba, ana barin wadda ta zauna a cikin layuka da ramuka, ita ce take sa zanen ya yi kama da tsohon dutse. Sai dai idan aka bar ta da yawa man sheƙi ba zai kama ba.

Man sheƙin wasu suna shafawa bayan kwana biyu ko uku domin su karɓi cikon kuɗinsu su wuce, kuma shi ya sa ake ganin daɓe ya yi hazo fari daga ciki, laima ce aka kulle. Namu sai da ya bushe sarai. Aka share ƙura, aka zaɓi safiyar da iska ta kwanta, aka shafa da rola siriri-siriri sau biyu. Na nace a zuba garin hana santsi a shafi na biyu, saboda Goggo da yara da wurin alwala, domin wannan man idan ya jiƙe yana da sulɓi ƙwarai. Warinsa yana da ƙarfi kuma yana kama wuta, don haka ranar ba a hura gawayi a gidan ba, abinci daga gidan yayana aka kawo.

Yanzu daɓen ya sha damina biyu. Ruwa yana bin gangararsa, ko bayan ruwa mai ƙarfi ba a jimawa filin ya tsane, shara kuma ta zama aikin 'yan mintoci. Tsaga guda ta fito, siririya ƙwarai, daga kusurwar murfin sokawe zuwa layin yanka mafi kusa, ta tsaya nan ba ta ƙara ba. A ɓangaren filin da aka danna na ƙarshe, wanda rana ta riga ta taɓa, zanen bai yi zurfin sauran ba, ko da yake baƙo ba ya lura. Zaman gida ya koya mana wasu dokoki: turmi yana da wurinsa a kan ƙasa a gindin mangwaro, domin bugun taɓarya yana iya fasa fuskar, murhun gawayi ba ya sauka kai tsaye sai a kan tubali, tun da zafi yana ƙona man, manja ko baƙin man inji idan ya zuba a goge shi nan take, ranar layya kuma a zirin ƙasar nan ake yanka. Tankar ruwa a waje take tsayawa a jawo roba, domin inci 4 ba a yi shi don nauyinta ba.

Idan aka tambaye ni ko ya fi intalok, amsata ita ce ya danganta da gidan. Wanda bai gama shimfiɗa bututunsa ba, ko yake kan laka kuma ba zai iya kuɗin ciko da dannewa ba, intalok ya fi masa rufin asiri, domin gyaransa da sauƙi, shi kuwa kankare mai zane idan aka fasa aka yi faci, launin sabo ba ya taɓa dacewa da na tsoho. Akwai kuma kuɗin da ba ya ƙarewa, tun da ana sabunta man sheƙi duk bayan shekara biyu zuwa uku, kuma a ranar Gombe na ga alamar kusa da biyun ya fi. Na bakin ƙofa, inda taya take juyawa, ya riga ya dushe, kuma mun yi magana da maginin zai zo bayan ruwa ya ɗauke a wanke a sake shafa wa filin duka.